Wai me ake nufi da "labarin gaskiya ne"?

Kwana biyun nan duk inda ka leƙa sai ka ci karo da "labarin gaskiya ne". Marubuciya ta saki shafin farko a WhatsApp, can sama ta rubuta labarin gaskiya ne, mai karanta littafi a rediyo ya buɗe shiri da shi, har fim ma yanzu sai an manna masa. Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne an cakuɗa abu biyu an mayar da su ɗaya. Akwai tarihin rayuwa, inda mutum zai ce ni ne, ranar kaza a wuri kaza na yi kaza, in ka kama shi da ƙarya to ka kama shi. Akwai kuma ƙagaggen labarin da marubuci ya gina a kan abin da ya gani da idonsa, wanda Faransawa ke kira roman autobiographique. Rannan naji wani a rediyo yana rantsuwa wai tunda labarin gaskiya ne, duk kalmar da ke ciki haka aka furta ta. Haba malam, da rikoda marubucin yake yawo?

Bari in kawo littafin da ni a wurina ya fi fito da wannan bambancin. Sunansa Le Feu, wato Wuta, na wani marubuci Bafaranshe, Henri Barbusse. Da yaƙin duniya na ɗaya ya ɓarke a 1914 mutumin nan shekararsa 41, ga huhunsa ba lafiya, ba wanda zai tilasta masa zuwa fagen daga, amma ya kai kansa aka ɗauke shi ƙaramin soja a runduna ta 231. Ya zauna cikin ramukan yaƙi a arewacin Faransa, daga baya ya koma cikin masu ɗauko waɗanda aka harba. Duk tsawon lokacin nan yana da ɗan littafi a aljihu, abin da ya gani ya rubuta, maganar da yaji a bakin abokansa ya rubuta, ga kuma wasiƙun da yake aika wa matarsa. Sai ciwo ya kayar da shi, atini ya sa shi gaba, a 1916 yana jinya daga wannan asibiti zuwa wancan ya haɗa waɗannan rubuce-rubucen ya mayar da su littafi. Jaridar L'Œuvre ta fara buga shi kashi-kashi daga watan Agusta, kafin shekara ta ƙare ya fito a littafi ya kuma cinye kyautar Goncourt, wato babbar kyautar adabi ta Faransa, yaƙin ko alamar ƙarewa bai yi ba, iyaye da matan sojoji suna karanta irin laka da ƙwarƙwata da gawarwakin da nasu ke kwana a ciki.

To ga inda gizo ke saƙa. A ƙarƙashin sunan littafin ya rubuta cewa kundin yau da gobe ne na wani ƙaramin rukunin soja, kuma akwai wurin da wani soja ya same shi yana rubutu, ya tambaye shi shin zagi da ashar ɗin da suke yi zai saka su ko zai wanke musu baki, shi kuma yace zai saka tunda haka suke magana. Kaga duk wanda ya karanta wannan sai ya saki jiki ya ɗauka komai haka ya faru sak. Alhali ba haka ba ne, tsari ne na marubuci, ya jera abubuwa yadda za su fi shiga rai, kuma a babin ƙarshe, bayan ruwa ya cinye ramuka har ba a bambance Bafaranshe da Bajamushe saboda laka, sai ga sojojin da suka kwana cikin wannan bala'in suna dogon bayani kan daidaito da yadda za a kawo ƙarshen yaƙi a duniya. Ni dai nan muryar Barbusse nake ji, ba ta mutumin da sanyi ya kusa kashewa ba.

A 1929 wani tsohon soja mai suna Jean Norton Cru, shi ma ya sha zaman ramin, ya fitar da Témoins, wato Shaidu, inda ya bi littattafan yaƙi wajen 300 ɗaya bayan ɗaya yana auna su da abin da ya sani. Bai raga wa Barbusse ba, yace akwai kurakurai da ƙarin gishiri wajen zuzuta abin tsoro. Da ina jin haushin Cru, ina ganin ya matsa wa mutumin da ya sa ransa a gaba. Yanzu kam na fahimce shi, don in ka ce wa mutane shaida kake bayarwa dole su yi maka tambayar da ake yi wa mai shaida.

Ni ban ga laifin ƙage ba wallahi, marubuci na da damar ya haɗa mutum uku ya yi ɗaya, ya canza suna, ya sa wa mutum maganar da bai samu bakin faɗa ba. Abin da nake roƙo kawai a daina kiran wannan da sunan wancan, 'yar uwa in kin gina labarinki a kan abin da ya faru ki ce an gina shi a kan gaskiya, ba zai rage miki masu karatu ba. Barbusse ma in kana neman wurin da bai ƙaga komai ba, duba shafin sadaukarwa, inda yace ya rubuta ne don tunawa da abokansa da suka faɗi a gefensa a garin Crouy da kan tudu mai lamba 119, a watannin Janairu da Mayu da Satumba na 1915.