Wai babba ba ya iya koyon Sifaniyanci?

Kullum ana cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, wai wanda ya je Sifen da girmansa ya haƙura da yaren kawai. Ba haka bane wallahi, yaro galibi a lafazi ya fi ka. Mu Hausawa ma mun samu sauƙi, wasulansu biyar ne irin namu, yadda aka rubuta haka ake karantawa, ga namiji da mace a sunaye wanda dama mun saba. Aikatau ne wahalar, hablo (ina magana), hablas (kana magana), hablamos (muna magana), kowa da ƙarshensa, ga 'yan Andalusiya, can kudancin Sifen, suna haɗiye "s" kamar tuwo. To mutum ya shekara goma a gonakin Almeriya, wani yanki na Andalusiya, bai hira da kowa sai 'yan garinsu, ina zai iya?