Muhawarar siyasa a intanet a Kaduna

Muhawarar siyasa a intanet ita ce musayar ra'ayi da ake yi a dandalin sada zumunta tsakanin mutanen da suka sha bamban a jam'iyya, ko ɗan takara, ko wata manufar gwamnati. A Kaduna an fi yin ta a Facebook da zaurukan WhatsApp, sai X, wanda aka sani da Twitter kafin 2023, inda 'yan boko da 'yan jarida suka fi yawa. Masu yin ta ba su cika kiran ta muhawara ba. In ta yi zafi sai a ce cacar baka ko sa-in-sa, amsar da aka zauna aka tsara don rushe hujjar wani kuma ana ce mata raddi, kalmar da aka aro daga fagen malamai.

Asali

Gardamar siyasa ta girmi wayar salula a Kaduna nesa ba kusa ba. Tun da garin ya zama hedikwatar Arewa a 1917 yake tara ma'aikatan gwamnati da sojoji da ma'aikatan jirgin ƙasa, daga baya kuma masaƙun Kakuri suka jawo dubban mutane daga ƙabilu daban-daban. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939 Abubakar Imam yana editanta, ta saba wa masu karatun Hausa da rubuta wasiƙa a buga, wani ya karanta ya mayar da martani. Kafuwar NEPU a 1950 da rikiɗewar Jam'iyyar Mutanen Arewa zuwa NPC a 1951 suka kawo adawa mai zafi, irin wadda ta shiga waƙa da zambo, ta raba abokai, ta kai 'yan hamayya gaban alƙali. Gidan rediyon Kaduna ya fara aiki a 1962, jaridar New Nigerian kuma a 1966. A Jamhuriya ta Biyu jihar ta ga wani sabon salo: Balarabe Musa na PRP ya ci gwamna a 1979, majalisar dokoki mai rinjayen NPN ta ƙi amincewa da sunayen kwamishinoninsa, ta kuma tsige shi a Yunin 1981.

Duk wannan a sama ake yin sa. A ƙasa, filin gardama shi ne majalisar ƙofar gida da teburin mai shayi, kuma suna da ƙa'idojin da ba a rubuta ba. Ana ganin fuskar juna. Akwai dattijon da in ya ce ya isa, to ya isa. Kiran sallah yana katse magana ko tana tsakiyar daɗi, kuma wanda aka kayar yau da shi za a zauna gobe. Ga wasan barkwanci, irin na Kanawa da Zage-zagi, wanda ke bari a faɗi magana mai ɗaci a yi dariya. Da gidajen rediyo masu zaman kansu suka yawaita, sai aka samu sojojin baka, wato masu shiga shiri su kare ubangidansu su soki abokin hamayyarsa. Sunan ya fi shahara a Kano, amma sana'ar ta bazu.

Rabuwar gari

Ba a fahimtar zafin gardamar Kaduna sai an san tarihin rikice-rikicenta: Kafanchan a 1987, Zangon Kataf a 1992, rikicin shari'a a Fabrairun 2000, na gasar sarauniyar kyau a Nuwamban 2002, da wanda ya biyo bayan zaɓen Afrilun 2011. Na 2002 daga rubutun jarida ya taso, don haka mutanen garin sun san rubutu yana iya jawo asarar rai. Daga 2000 jama'a suka riƙa yin ƙaura, Musulmi suka fi taruwa a arewacin kogi, a unguwanni irin su Rigasa da Tudun Wada da Kawo, Kiristoci kuma a kudu, irin su Sabon Tasha da Narayi da Television. Majalisu suka koma na masu ra'ayi kusan ɗaya. Ga matasan da suka tashi bayan wannan rabuwa, intanet na cikin 'yan wuraren da ɗan Rigasa ke jin abin da ɗan Sabon Tasha ke cewa daga bakinsa, ba ta bakin wani ba.

Zuwan intanet

Layukan GSM sun shigo Najeriya a 2001. Facebook ya fara yaɗuwa a tsakanin matasan Arewa wajen 2009 zuwa 2011, ta ƙananan wayoyi masu madannai. A Satumban 2010 Goodluck Jonathan ya bayyana takararsa ta shugaban ƙasa a Facebook, zanga-zangar cire tallafin mai ta Janairun 2012 kuma ta nuna ana iya tara jama'a ta waya. Zaɓen 2015 ya ɗora mutum biyu masu yawan rubutu a Twitter kan manyan kujerun jihar, Nasir El-Rufai a matsayin gwamna, Shehu Sani kuma sanatan Kaduna ta Tsakiya, kuma rashin jituwarsu ya ciyar da magoya baya da abin faɗa na shekaru. Batutuwan da suka fi tayar da ƙura sun haɗa da arangamar sojoji da 'yan Shi'a a Zariya a Disamban 2015, da kashe-kashen Kudancin Kaduna, da korar malaman firamare sama da 21,000 bayan jarrabawar 2017, da takarar Musulmi biyu, gwamna da mataimakiyarsa, a zaɓen gwamna na 2019.

Sau biyu aka rufe filin a 2021. Gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter daga Yunin wannan shekara zuwa Janairun 2022, masu yawa suka koma shiga ta VPN, manhajar da ke ɓoye ƙasar da mutum yake. Daga ƙarshen Satumba zuwa ƙarshen Nuwamba kuma aka katse layukan waya a wasu sassan jihar saboda 'yan bindiga.

Yadda gardama ke ɓaci

Akwai hanyar da ta saba bi. Wani ya wallafa hoton titin da aka gyara, ko ya koka da farashin taki. Amsoshin farko kan tsaya a kan batun. Sai wani ya leƙa shafin mai rubutun, ya ga sunansa da unguwarsa, daga nan an san addininsa da ƙabilarsa, magana ta tashi daga titi ta koma kan mutum. Tambayar da kan biyo baya ita ce "nawa aka biya ka?", ko a ce masa ɗan data, wato wanda ɗan siyasa ke saya wa data don ya yi masa faɗa. Irin waɗannan suna nan, amma zargin ya fi su yawa, kuma da zarar an jefa shi babu hujjar da za ta ƙara shiga. Kowane ɓangare ya kira abokansa. A ƙarshe a ɗauki sikirinshot ɗin jimla guda, ba tare da abin da ya gabace ta ba, a kai wani zauren da ba wanda ya san mai maganar.

Rubutun Hausa kansa yana taimaka wa ɓacin. Ba ya nuna karin murya, masu yawa kuma ba sa sa ƙugiya a haruffa. "Allah ya ƙara basira" addu'a ce ko habaici? "Sannu da ƙoƙari" yabo ne ko gugar zana? A majalisa fuska ce ke fassarawa, a waya kuwa mai karatu ne ke zaɓa, kuma wanda ransa ya riga ya ɓaci mummunar fassara yake ɗauka. Sai kuma idon jama'a. Mutumin da zai iya cewa "ka fi ni gaskiya" a gaban mutum biyar ba zai faɗe ta a gaban mabiya dubu ba, don kada girma ya faɗi.

Tsarin manhajojin ma yana da hannu. Takardun cikin gida na Facebook da suka fito a 2021 sun nuna cewa daga 2017 kamfanin ya ba alamomin motsin rai, har da ta fushi, nauyi ninki biyar na alamar so wajen zaɓar abin da za a nuna wa mutane, kafin daga baya ya rage. Rubutun da ya tunzura jama'a shi ke yin nisa. WhatsApp daban ne: zaure yana ɗaukar mutum 1,024, tun 2019 kuma ba a tura saƙo ɗaya wuri fiye da biyar a lokaci guda. Amma a can 'yan uwa ne da tsofaffin 'yan aji da maƙwabta, don haka faɗan ya fi ciwo. Fita daga zauren dangi kan zama abin da sai manya sun sa baki.

Wahala

Abin da masu yi suka fi kokawa da shi shi ne rashin barci, da duba waya bini-bini don ganin ko an amsa, da tsara martani a zuci ko ana kan aiki ko tuƙi. Mata masu rubutun siyasa sun fi shan zagin da ya shafi mutunci da aure. Kuɗin data ƙari ne, musamman bayan hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a Janairun 2025.

Amfani

A nan ra'ayi ya rabu. Wani bincike da Christopher Bail na Jami'ar Duke da abokan aikinsa suka buga a Amurka a 2018 ya biya masu amfani da Twitter don su bi saƙonnin ɓangaren hamayya na wata ɗaya. 'Yan Republican suka ƙara riƙe ra'ayinsu, 'yan Democrat kuma canjinsu bai taka kara ya karya ba. Jin ɗaya ɓangaren kawai ba ya sanyaya zuciya ke nan. Masu kare muhawarar sun ce ba abokin gardama ake nufi ba, masu karatu shiru ake nufi, kuma su ne suka fi yawa. Hoton gawarwaki da aka ɗauko daga wata ƙasa aka ce na Kajuru ne, in wani ya kawo asalinsa a ƙarƙashinsa, ɗaruruwa za su fasa turawa ko da mai wallafawar bai goge ba.

Waɗanda suka daɗe a fagen suna da dabaru. Kafin su amsa hoto sukan sa shi a Google Lens, manhajar binciken hoto, su ga ranar da ya fara fitowa. Sukan riƙe batu ɗaya, su ƙi bin mai tsalle daga taki zuwa addini. In wanda suka sani ne, bayan amsa biyu ko uku sukan koma saƙon sirri ko su buga waya, don murya tana kashe rabin rashin fahimta. Admin mai lura yakan rufe zaure ya zama shi kaɗai ke iya rubutu a daren zaɓe ko ranar da aka kai hari, ya buɗe da safe. Kafofin binciken gaskiya na Dubawa da Africa Check suna tantance labarai, cibiyar CITAD ta Kano kuma tana bibiyar kalaman ƙiyayya, har da na Hausa.

Doka

Sashe na 39 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba da 'yancin faɗin albarkacin baki. Sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 ya tanadi ɗaurin da zai kai shekara 3, ko tarar naira miliyan 7, ga saƙon cin zarafi ko na ƙarya, kuma da shi aka fi kama masu rubutu. Kotun ECOWAS ta ce ya saɓa wa 'yancin magana, aka taƙaita shi a gyaran 2024. Ƙudurin taƙaita soshiyal midiya da aka kai Majalisar Dattawa a 2019 bai zama doka ba.

A 2017 an kama lauya Audu Maikori kan rubutunsa cewa an kashe ɗaliban kwalejin ilimi ta Gidan Waya, labarin da ya janye ya nemi gafara. Daga baya kotun tarayya ta ce kamun ya tauye masa haƙƙi. A farkon Agustan 2019 wasu mutane suka ɗauke Abubakar Idris, wanda aka fi sani da Dadiyata, malamin jami'a kuma fitaccen mai sukar gwamnati a intanet, daga gidansa a Kaduna. Hukumar tsaro ta farin kaya, DSS, ta ce ba ya hannunta.