Gurbin sensar iska a jikin salansa: yadda ake gyara shi idan ya lalace

Mece ce wannan sensar, kuma me ya sa gurbinta yake da muhimmanci?

Ita ce makanikan Garwa da Marwa suke kira da sunan Faransanci, sonde lambda. Tana ɗaure a jikin bututun salansa, kanta yana cikin hayaƙi, tana auna iskar oksijin da ta rage bayan ƙonewar mai. Ta gargajiya takan ba da wuta tsakanin bolt 0.1 da 0.9, da wannan ne kwamfutar mota take daidaita awo 14.7 na iska da awo 1 na fetur. Gurbin kuwa guntun ƙarfe ne mai zare a ciki, an yi masa walda a jikin bututu. Idan ya tsage, iskar waje takan kutsa ta tsagar, sensa ta ce mai ya yi kaɗan, kwamfuta ta ƙara. Sai mota ta kama shan mai, buji ya yi baƙi, na'urar bincike ta nuna P0171, lambar matsalar da ke nufin iska ta yi wa mai yawa. Sau da yawa akan sayi sabuwar sensa a banza, alhali tsohuwar ƙalau take.

Me ke lalata shi?

Tsatsa, zafi da jijjiga. Motar da ke zirga-zirga tsakanin Mora da Kusuri, idan robobin da ke rataye salansa suka tsinke, nauyin bututun yakan koma kan wuraren walda har su buɗe. Amma ɓarna da yawa daga hannu take: a ɗaura sensa a karkace, ko a murɗe ta da ƙarfin tsiya tana ƙame.

Ta ƙame, yaya za a kwance ta?

A fara cire soket ɗin waya, kada wayoyin su nannaɗe. A fesa man sassauta tsatsa, a ba shi lokaci. Sifana lamba 22 ce daidai da ita, kuma mai zobe ta fi mai buɗaɗɗen baki. In ta ƙi, a gasa gurbin da wutar gas, ban da jikin sensar, sannan a riƙa murɗawa gaba da baya kaɗan-kaɗan.

Zaren ya cinye. Dole sai an yanke gurbin?

Ba kullum ba. Zaren yawancin motoci M18 ne, wato faɗinsa milimita 18, tazarar haƙora milimita 1.5. Idan haƙoran farko ne kawai suka kwanta, ƙarfen gyaran zare mai wannan awo, wato taro, zai tashe su. A shafa masa giris don ya kama garin ƙarfe, a shiga da shi a miƙe, ana yin rabin juyi ana komawa baya. Idan sensa tana juyawa ba ta kamawa, zance ya ƙare, sai sabon gurbi. Wasu tsofaffin Toyota ba su da zare ma: faranti ne da kusoshi biyu da gasket. Nan kusar da ta karye ake haƙewa, a kuma canja gasket ɗin.

Yaya ake dasa sabon gurbi?

Nan ne aiki yake. A cire kan batir na baƙar waya, a cire sensar gaba ɗaya, domin zafin walda yana kashe ta. A goge tsohon gurbin da injin gurza har ƙarfe ya fito fes. Idan wurin ya ruɓe, a toshe shi, a huda wani kusa da shi, amma sensar da ke gaban tukunyar tace hayaƙi ta zauna a gabanta, ta baya ma a bayanta.

Gurbin ya kasance a saman bututu, tsakanin ƙarfe 10 da ƙarfe 2 idan an ɗauki bakin bututun kamar fuskar agogo. Ko wuri ya matse, kada ya gaza digiri 10 sama da kwance. Dalili shi ne ruwan da ke taruwa cikin salansa da sanyin safiya, musamman lokacin hunturu ko a tudun Ngaundere: in ya taɓa tangaran ɗin da ke cikin sensa bayan tangaran ɗin ya yi zafi, sai ya tsage.

Kafin walda a ɗaura tsohuwar matacciyar sensa a cikin gurbin, don kada zaren ya lanƙwashe ko tartsatsi ya faɗa masa. A ɗiga walda wuri huɗu, a duba tsayuwarsa, sannan a zagaye guntu-guntu. Bututun salansa siriri ne, kusan milimita 1.5, saboda haka sandar walda mai kauri 3.2 huda shi za ta yi. Ta milimita 2 da ƙaramar wuta ta fi, ko waldar gas. Idan gurbin a jikin manifol na ƙarfen zubi yake, wato mahaɗar hayaƙin da ke ɗaure a jikin inji, sai an gasa shi tukuna, a yi amfani da sandar nikel, a binne shi cikin yashi ya huce a hankali. Wanda ya watsa masa ruwa ya sayi wata tsagar.

Ɗaurawa fa?

Da hannu ake farawa, juyi uku ko huɗu ba tare da sifana ba. A shafa ɗan man hana ƙamewa a zaren kaɗai, kada ya taɓa kan sensar. A ɗaure zuwa wajen Nm 40 ko 45, a ma'aunin ƙarfin ɗauri. Gam ɗin silikon ba shi da wuri a nan, hayaƙinsa guba ne ga sensa. Waya kuma a nisanta ta da bututu.

Yaya za a tabbatar ba ya yoyo?

A tayar da mota tana sanyi, a shafa ruwan sabulu a zagayen waldar, wani ya ɗan toshe bakin salansa da tsumma. Duk inda kumfa ya taso, akwai ƙofa. Bayan kwana biyu a sake leƙawa: baƙin zane na hayaƙi a gefen gurbi alama ce waldar ba ta rufe ba.