Lafazin doka ko nufin mai doka? Gardamar masana shari'a a Turai daga 1500 zuwa 1800

Tambaya: Me ya jawo gardamar tun farko?

Amsa: Alƙalan Turai na lokacin suna hukunci da dokokin Rum waɗanda Sarki Justiniyan ya sa aka tattara a ƙarni na 6, ga dokokin coci, ga al'adun garuruwa, ga sababbin dokokin sarakuna. Rubutun da ya shekara dubu ba zai dace da kowace ƙara ba. Sai alƙali ya rasa ko lafazi zai bi, ko abin da yake ganin an nufa.

Tambaya: Akwai misalin da suke yawan kawowa?

Amsa: Akwai. An ce wata doka a birnin Bolonya na Italiya ta tanadi horo mai tsanani ga duk wanda ya zubar da jini a kan titi. Wani mutum ya yanke jiki ya faɗi, wanzami ya tsaga masa jijiya don ya ceci ransa. A lafazi, ya karya doka. Amma 'yan ta'adi aka nufa, ba masu magani ba. Masanin shari'a Pufendorf, ɗan ƙasar Jamus, ya kawo misalin a 1672, masanin shari'a Blackstone ya maimaita shi a Ingila a 1765. Wanda ya karanta usulul fiƙihi zai ji maganar ba baƙuwa ba ce: lafazi ne mai game komai, dalili ya keɓance shi.

Tambaya: To wace ƙa'ida suka shimfiɗa?

Amsa: Hugo Grotius, ɗan ƙasar Holan, ya ware babi guda kan fassarar ma'anar lafazi a littafinsa na 1625 game da yaƙi da zaman lafiya. A wurinsa ana ɗaukar kalma yadda jama'a ke amfani da ita, sai ta rikice ko ta kai ga abin da hankali ba zai karɓa ba, sannan a nemi nufi. Ya kuma bambanta: abin da ke kawo alheri a faɗaɗa ma'anarsa, abin da ke ɗora horo a ƙuntata ta.

Tambaya: Idan haka ne, ina abin faɗa?

Amsa: A ganina rigimar ta mulki ce, an dai lulluɓe ta da maganar kalmomi. Duk wanda aka bai wa ikon faɗin "abin da aka nufa ke nan", kusan shi ke yin dokar. Sarakuna sun gane haka sarai. Edward Coke, babban alƙali a Ingila, ya rawaito cewa ya faɗa wa Sarki James na ɗaya cewa shari'a ba da basirar haihuwa ake yanke ta ba, sai da dogon karatu da gogewa, sarki kuwa ya fusata. Thomas Hobbes, masanin falsafa ɗan Ingila, a 1651 ya tsaya a ɗaya gefen: fassarar da ke aiki ita ce ta wanda mai mulki ya naɗa, ba ta marubutan sharhi ba, komai iliminsu. A Faransa, dokar Sarki Louis na 14 ta 1667 ta hana alƙalai fassara ta da kansu. In sun yi shakka, su koma wurin sarki.

Tambaya: Ya shafe mu a yau?

Amsa: Ta hanyar dokar Ingila da Nijeriya ta gada, eh. A wata shari'a da aka yi a Ingila a 1584, wadda ake kira shari'ar Heydon, alƙalai suka ce a duba yadda doka take a da, wace ɓarna ce ba ta magance ba, wane magani majalisa ta kawo, kuma mene ne dalilinsa. Har yanzu lauyoyi na kafa hujja da wannan ƙa'ida a kotunan Nijeriya idan lafazin doka ya ɗauki ma'ana biyu.