Raunin hana aiki a manhajojin sarrafa hoto

Raunin hana aiki, wanda masana tsaron kwamfuta ke ce ma DoS, wata ɓaraka ce a manhaja da ke sa hoto guda ɗaya tak ya daskarar da ita ko ya kashe ta, har saba, wato kwamfutar da ke riƙe da shafin intanet, ta kasa yi wa kowa aiki. A nan ba satar bayanai ake ba, toshe hanya ake yi, kamar tirela ta gitta a ƙofar Ƙaura kowa ya tsaya cak.

Yadda abin yake

Fayil ɗin hoto a matse yake. Hoton waya mai fiksel (ƙananan ɗigogin da ke haɗa hoto) 4000 sau 3000 zai iya zama megabait 3 kawai a waya, amma in manhaja ta buɗe shi don ta rage girmanshi sai ta warware fiksel miliyan 12 ɗin nan a memori, wajen megabait 36 kenan. A kan kowane fayil akwai ɗan rubutu mai faɗin tsawo da faɗin hoton, to da yawan manhajoji yarda kawai suke da abin da ya faɗa, su ware memori tun kafin su duba ko gaskiya ne. Shi ya sa ƙa'idar "kar fasfo ya wuce kilobait kaza" da masu kafe a Katsina ke fama da ita lokacin rajistar jarabawa ba ta tare wannan matsalar, girman fayil daban, abin da zai ci in an buɗe shi daban.

Akwai kuma hoton da ke jefa manhaja cikin zagaye marar ƙarewa, da wanda ke sa ta raba lamba da sifili ta mutu nan take.

Tarihi

Galibin shafuka ba su rubuta nasu injin hoto ba, aro suke daga tsofaffin ɗakunan lamba, wato shiryayyun manhajojin da wasu suka riga suka rubuta, irinsu libjpeg, libpng da ImageMagick, wadda John Cristy ya fara a kamfanin DuPont a 1987 aka sake ta ga jama'a wajen 1990. Da yaren C aka rubuta su, a zamanin da ba a tunanin baƙo daga wata duniya zai turo maka fayil da mugun nufi.

Wajen 2013 wani mai bincike ya kai rahoto a HackerOne, shafin da ake kai rahoton raunin manhajoji, kan hoton JPEG na kilobait 5 da aka sauya wa ɗan rubutun nan na kanshi ya ce shi 64250 sau 64250 ne, fiksel sama da biliyan 4, in aka ba kowanne bait 4 ana maganar gigabait 16 da ɗoriya. Irin wannan shi ake kira ambaliyar fiksel.

A 2020 kuma sai ga hoton tafkin St. Mary na Amurka, hoto mai kyau wallahi kuma mai shi bai nufi sharri ba, amma duk wanda ya sa shi a fuskar wasu wayoyin Android, musamman Samsung da Pixel, sai waya ta riƙa mutuwa tana tashi, wasu sai da suka goge komai. Tsarin launin hoton ne ya sa lissafin haske ya haura 255, iyakar da manhajar ta sani.

A farkon 2023 aka bayyana CVE-2022-44267 (CVE lambar rajista ce da ake ba raunin tsaro) a ImageMagick: hoton PNG mai ɗauke da alamar "-" a wani gurbin rubutu yana sa manhajar ta zauna jiran shigar bayani da ba zai taɓa zuwa ba.

Kariya

ImageMagick na da fayil ɗin policy.xml inda ake sa iyakar faɗi, tsawo, memori da lokaci. Pillow, manhajar sarrafa hoto ta yaren Python, tana gargaɗi in hoto ya wuce fiksel kusan miliyan 89, ta ƙi buɗewa in ya ninka haka. Tun 2016 shirin OSS-Fuzz na Google ke ɗura wa irin waɗannan manhajoji gurɓatattun fayiloli don a gano inda suke faɗuwa.

Saɓani

Wasu masu kula da manhajoji na ganin cinye memori matsalar saiti ce ba rauni ba, masu bincike kuma na ba ta lambar CVE.