Ma'anar Babban Jojin Kotun Ƙolin Jiha a Amurka, da Hanyar Kaiwa Ga Kujerar

Wanda ya saba da tsarin shari'ar Najeriya zai yi mamaki idan ya ji an ce "kotun ƙolin jiha", domin kotun ƙoli guda ɗaya ya sani, wadda ke Abuja. A Najeriya babban jojin jiha shugaban Babbar Kotun Jiha ne, kuma ana ɗaukaka ƙara daga kotunsa zuwa kotunan tarayya. Amurka ba haka take ba. Kowace daga cikin jihohinta 50 tana da nata kundin tsarin mulki, da dokokinta na laifuka, aure, gado da filaye, da kuma kotun da ke yanke hukunci na ƙarshe a kansu. Shugaban alƙalan wannan kotu shi ne babban jojin kotun ƙolin jiha. Idan kotunsa ta fassara dokar jihar, magana ta ƙare. Kotun Ƙolin Amurka da ke Washington ba ta da hurumin sa baki sai idan shari'ar ta taɓa dokar tarayya ko kundin tsarin mulkin ƙasa.

Sunayen kotunan sukan rikita mai karatu. A jihar Niyok, kotun da ake kira "ta ƙoli" ita ce ke sauraron ƙara tun daga tushe, ta ƙarshen kuwa sunanta Kotun Ɗaukaka Ƙara. Teksas da Oklahoma kotunan ƙarshe biyu-biyu gare su, ɗaya ta manyan laifuka, ɗaya ta sauran ƙararraki.

Alƙalan irin wannan kotu ba su gaza biyar ba, ba su wuce tara ba, kuma bakwai ne aka fi samu. A wurin yanke hukunci ƙuri'a ɗaya babban joji yake da ita kamar kowa, kuma sau da yawa yakan tsinci kansa cikin marasa rinjaye. Nauyinsa yana wani wuri ne. Shi ke jagorantar zaman sauraron lauyoyi da ganawar sirri ta alƙalai. A wasu jihohin shi ke zaɓar wanda zai rubuta hukunci, a wasu kuwa karɓa-karɓa ake yi ko a jefa ƙuri'a. Mafi girma duka, a yawancin jihohi shi ne shugaban gudanarwa na ɓangaren shari'a baki ɗaya: shi ke zuwa gaban majalisar jiha neman kasafin kuɗin kotuna, shi ke tura alƙali inda ƙararraki suka taru, kuma a ƙarƙashin kotunsa ake ba lauyoyi lasisi ko a ƙwace. Gwanin rubuta hukunci da bai iya zama da 'yan majalisa ba yakan bar kotunan ƙasa da ƙarancin ma'aikata, shari'ar talaka ta yi ta jan ƙafa.

Hanyar da aka saba bi takan fara da digiri na shekara 4, sai makarantar lauyoyi ta shekara 3, sai jarrabawar samun lasisi a jihar. Daga nan mutum ya yi aikin gabatar da ƙara, ko kare waɗanda ba su da kuɗin lauya, ko ya shiga ofishin lauyoyi mai zaman kansa. Tarihin Tani Cantil-Sakauye ta Kalifoniya ya nuna matakan a jere. Ta gama karatun lauya a 1984, ta yi mai gabatar da ƙara a Sakramento, ta yi aiki a ofishin gwamna, aka naɗa ta alƙaliyar ƙaramar kotu a 1990, ta koma babbar kotun yanki a 1997, ta hau Kotun Ɗaukaka Ƙara, wadda a Kalifoniya ke ƙasa da kotun ƙolin jiha, a 2005, sannan ta zama babbar joji a Janairun 2011, ta riƙe kujerar shekara 12. Sai dai doka ba ta tilasta wannan hawan tsani ba. Abin da Kalifoniya ke nema shi ne shekara 10 na aikin lauya ko alƙalanci. Rose Bird, mace ta farko da ta riƙe wannan muƙami a jihar, ba ta taɓa zama alƙaliya ba kafin Gwamna Jerry Brown ya naɗa ta a 1977.

Inda lamarin ya fi ɗaukar hankali shi ne wa ke ba da kujerar, domin mai bayarwa shi ne yakan iya karɓewa. A Teksas, Alabama da Ohayo jama'a ne ke zaɓar babban joji kai tsaye, da yaƙin neman zaɓe da tara kuɗi kamar na ɗan siyasa, wa'adi shekara 6. A Kalifoniya gwamna ke naɗawa, wani kwamiti na mutum uku ya tabbatar, daga baya a tambayi masu zaɓe ko ya ci gaba ko ya sauka, ba tare da abokin takara ba. Misuri ta ɓullo da nata tsari a 1940: kwamitin lauyoyi da sauran jama'a ya tace sunaye uku, gwamna ya ɗauki ɗaya, bayan aƙalla shekara guda a kai shi gaban masu zaɓe. Shugabancin kotun kuwa alƙalan ke zaɓar ɗaya a cikinsu na shekara 2. Pensilbaniya wanda ya fi daɗewa a kotun take ba. A Karolaina ta Kudu majalisar jiha ce ke zaɓe.

Kowace hanya da irin ɓarakarta. Ƙuri'ar "ya ci gaba ko ya sauka" an tsara ta ne don a raba alƙali da siyasa, amma hukunci ɗaya da ya ɓata wa jama'a rai ya isa ya kawar da shi. A 1986 masu zaɓen Kalifoniya suka sauke Rose Bird tare da alƙalai biyu, saboda ta jefa ƙuri'ar soke kowane hukuncin kisa da ya zo gabanta. Zaɓen kai tsaye kuwa kuɗi ne ke ɓata shi. Takarar kujera ɗaya a kotun ƙolin Wiskonsin a 2023 ta lashe fiye da dala miliyan 50, kuma masu zuba irin wannan kuɗi su ne gobe shari'arsu za ta zo gaban kotun. Wannan abin damuwa ne ƙwarai, ko da alƙalin mai gaskiya ne, domin wanda aka kayar a shari'a ba zai yarda an yi masa adalci ba. Ko tsarin girmama wanda ya daɗe bai tsira ba: a 2015 aka gyara kundin Wiskonsin aka mayar da zaɓen shugaba hannun alƙalai, nan take Shirley Abrahamson, wadda ta shugabanci kotun tun 1996, ta rasa shugabancin, ko da yake ta ci gaba da zama alƙaliya.

Akwai kuma tsigewa saboda laifin aiki. A 2003 kotun ladabtar da alƙalai ta Alabama ta tsige babban jojin jihar, Roy Moore, bayan ya ƙi bin umarnin kotun tarayya na cire wani dutse mai ɗauke da Dokoki Goma na Attaura daga ginin kotun. Jama'a suka sake zaɓarsa a 2012, aka kuma dakatar da shi a 2016.

Tsawon zama a kujerar ma ya bambanta. Rod Ailan ce kaɗai ke barin alƙalan kotun ƙolinta har ƙarshen rai. A Masacusets alƙali yakan zauna har ya cika shekara 70. A Niyok wa'adin shekara 14 ne, amma da alƙali ya cika 70 zai sauka a ƙarshen wannan shekarar, ko da wa'adinsa bai ƙare ba.