Waiwaye: dalilin da kati ke aiki a kwamfuta amma ya ƙi tashi a ƙaramin allo

Muhawarar nan ta masu haɗa ƙananan na'urori ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Mutum ya soka katin Wi-Fi ko ma'ajiyar NVMe a kwamfutar tebur, ya yi aiki lafiya lau. Ya mayar da shi kan ƙaramin allo (ƙaramar kwamfuta da aka haɗa a kan faranti guda) mai firosesa ARM, sai kanel ɗin Linux, wato zuciyar manhajar da ke tafiyar da na'urar, ya yi biris da shi. Wasu na cewa laifin direba ne, wato manhajar da ke sarrafa katin, wasu kuma na cewa a koma tsarin ACPI, wanda kwamfutar tebur ke bayyana wa kanel kayan da ke cikinta da shi, kowa ya huta. Sai dai ruwa ba ya tsami banza, kuma lamarin ba jiya ya faro ba.

Farkon labarin sananne ne. A kwamfutar IBM ta 1981, da hannu ake saita wa kowane kati adireshinsa da layin da zai riƙa kiran firosesa. PCI, tsarin haɗa kati da kwamfuta, ya zo a 1992, kati ya fara gabatar da kansa: ga lambar kamfanin da ya ƙera ni, ga girman wurin da nake buƙata. PCI Express ya gaji wannan tsari a 2003.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, a kwamfutar tebur BIOS, manhajar da ke fara tashi idan an kunna na'ura, shi ne ke share fage tun kafin kanel ya farka. Shi ke ƙirga katunan, ya raba musu adireshi, ya tsara layukan kira. A irin wannan gida aka rubuta yawancin direbobi, a nan kuma aka gwada su. Ƙananan alluna ba su da wannan gata.

A ganina mahaɗar da aka fi mantawa da ita ita ce wajajen 2011. Kafin nan, kowane allon ARM yana da nasa fayil na harshen C a cikin kanel, fayilolin suka yi ta hayayyafa har suka zama kaya. Sai aka ɗauko device tree, dabarar da ta samo asali daga ƙa'idar Open Firmware ta 1994, wadda injina masu firosesa PowerPC suka riga suka yi amfani da ita: a rubuta bayanin allo a fayil daban, kanel ya karanta lokacin tashi. Da ARM mai bit 64 ya shiga Linux a 2012, ba a ma ba shi damar tsohuwar hanyar ba.

Gyara ne mai kyau, amma ya sauya wurin da kuskure ke ɓuya. Fayil ɗin ba katin yake bayyanawa ba, ƙofar da katin zai shigo ta ita yake bayyanawa: wutar da za a ba ramin da ake soka katin, agogonsa, ƙafar PERST# (layin da ke riƙe katin har a sake shi ya fara aiki), da girman tagar adireshi, wato yankin adireshin da aka ware wa katin. Ƙa'idar PCI Express ta ce a jira milisakan 100 bayan wuta ta daidaita kafin a saki wannan ƙafa. Idan aka yi gaggawa, dmesg, umarnin da ke nuna saƙonnin kanel, zai nuna "Phy link never came up" (wato haɗin bai tashi ba), lspci mai lissafo katuna kuma ya kawo gadar da ke haɗa ramin da firosesa kaɗai ba kati. Idan tagar da aka rubuta a sashen ranges na fayil ɗin ta yi ƙaranci, kanel zai ga katin amma ya rasa inda zai zaunar da shi. Mafi ɓata rai shi ne kuskure a interrupt-map, sashen da ke tsara layukan kira: an ga kati, direba ya hau, komai kamar lafiya, amma kiran katin ba ya isa ga firosesa. Mutum sai ya kwana yana tonon direban da bai yi laifin komai ba.

Akwai kuma inda direban ne ya saba da gata. A x86, wato irin firosesar kwamfutar tebur, abin da kati ya rubuta a ƙwaƙwalwa firosesa na ganinsa nan take, amma a allunan ARM da dama sai an share ma'ajiyar wucin gadi ta firosesa tukuna, don haka sakacin da ya ɓuya shekaru sai ya fito fili.

Masu kiran ACPI suna da hujja, domin manyan sabobin ARM da shi suke aiki. Amma hakan na nufin wani ya zauna ya rubuta wa kowane ƙaramin allo manhajar share fagen, ya kuma ci gaba da kula da ita bayan an daina sayar da allon.